Abin da Waya ke Faɗa Kan Cututtukan Gado: Tambayoyin Mutanen Yamai da Amsoshinsu

Da wuya ka samu dangi a Yamai yau da ba su da zauren WhatsApp, kuma a kowane zaure akwai mai turo saƙon murya kan lafiya. Wani saƙon daga Abijan ya taso, wani daga Kano, wani kuwa ya yi yawo har an manta bakin da ya fara furta shi. Maganar gado, wato abin da yaro ke ɗaukowa daga jinin uwa da uba, ta fi sauran wuyar tantancewa, domin ido ba ya ganinta, ga shi ta taɓa aure da haihuwa da mutuncin zuri'a. Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan dawowa a layin asibiti, a fada, da wuraren biki da suna.

Ni lafiyata lau, matata ma haka. Ta ina yaro zai gaji ciwon da babu mai shi a cikinmu?

Kowane mutum yana ɗauke da ƙunshin gado 46 a cikin ƙwayoyin jikinsa, 23 daga uwa, 23 daga uba. Kusan kowane umarnin halitta biyu gare ka ke nan. Ɗauki emasi, wadda a Najeriya ake ce wa sikila. Sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini yana da nau'in da aka saba da shi, A, da nau'in da ya sauya, S. Wanda ya karɓi A daga ɗaya, S daga ɗaya, shi ne AS. Yana noma, yana ɗaukar buhu, yana iya tsufa bai san yana ɗauke da komai ba, sai ranar da S nasa ya haɗu da S na matarsa a jikin jariri.

Jinin mai SS, wato wanda ya karɓi S daga uwa da uba duka, idan iska ta yi masa ƙaranci, ƙwayoyinsa kan lanƙwashe su yi siffar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi. Daga nan ciwon ƙashin da ke hana yaro barci yake tasowa. Lafiyayyar ƙwayar jini tana kai kwana 120, tasa kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa kullum jininsa a ƙasa yake.

Sauro ne ya sa S ya yawaita a ƙasashenmu. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna cewa masu AS sun fi tsira daga zazzaɓin sauro mai tsanani, sai suka rayu suka hayayyafa. Ƙiyasin shekarar 2021 ya nuna an haifi jarirai sama da 500,000 da cutar a duniya, kusan 4 cikin kowane 5 a Afirka kudu da Sahara.

An turo mana saƙon wani mai magani da ya ce yana mayar da SS ya koma AS, har AA. Ya ma nuna takardun gwaji. Gaskiya ne?

A'a, ƴar'uwa. Babu jiƙo, babu gari, babu zuma, babu allura da ke yin wannan. Umarnin S yana rubuce ne a cikin ɓargo, inda ake ƙera jini, kuma abin da aka sha ta baki ba ya goge shi.

Takardun da yake nunawa fa? Ko dai an ƙirƙire su, wanda aikin minti kaɗan ne a waya, ko kuma an yi wa yaron ƙarin jini kafin gwajin. Idan aka ƙara wa mai SS jinin mai AA, gwaji zai ga A da S tare har na wata biyu zuwa uku, ya fito kamar AS. Jinin aro yana ƙarewa, SS ya dawo inda yake. Uwar da aka nuna wa irin wannan takarda ba wauta ta yi ba da ta yi murna. Wadda ta kwana tana danna ƙafar ɗanta yana kuka, duk ƙofar da aka buɗe mata za ta leƙa. Laifin na wanda ya san haka ne, ya mayar da hawayenta jari. Abin da ya fi ƙona rai shi ne sharaɗin da suke gindayawa, wai sai an ajiye maganin asibiti kafin nasu ya yi aiki. Yaro ya bar ƙwayoyin da ke kare shi daga ƙwayoyin cuta, kuɗin gida ya ƙare, sannan a kawo shi asibiti a galabaice.

Wannan ba ya nufin itatuwanmu ba su da amfani. A Abuja, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD ta haɗa maganin Niprisan daga tsirrai. A Burkina Faso masu bincike sun haɗa FACA daga fasaƙwari da tumfafiya. Amma dukansu an yi su ne don rage yawan tashin ciwo, an auna su a ɗakin bincike, kuma masu su ba su ce suna sauya nau'in jini ba. Kada wanda ya ji sunan tumfafiya ya je ya tsinko ta bayan gida ya jiƙa wa yaro, ruwanta guba ne.

To amma na gani a Facebook cewa Turawa sun samo maganin warkewa gaba ɗaya.

Wannan kam da gaskiya a ciki. An daɗe ana warkar da wasu ta hanyar dashen ɓargo, idan an samu ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya da ɓargonsa ya dace. A ƙarshen 2023 kuma Birtaniya da Amurka suka amince da maganin Casgevy: a ɗebo ƙwayoyin da ke ƙera jinin majiyyaci, a gyara su da fasahar gyaran gado ta CRISPR, a kashe tsohon ɓargon da magani mai ƙarfi, a mayar masa da gyararrun. Kuɗinsa a Amurka dalar Amurka miliyan 2.2 ne, wato sama da sefa biliyan 1 ga mutum guda, ga makonni a kwance a asibiti na musamman. Duk wanda ya ce zai aiko maka da shi ta tasha cikin kwalba, ɓarawo ne. Kuma ko wanda aka warkar ta waɗannan hanyoyi, har yanzu S zai ba ƴaƴansa.

Me ya sa za mu yarda da su? Ba su ne suka yi gwaji a kan yaran Kano ba?

Tambayar tana da tushe, kuma duk ma'aikacin lafiyar da ya yi mata dariya bai kyauta ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a binciken da ya shafi yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Raɗaɗin wannan yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano a 2003. Mu ma nan, a annobar sanƙarau ta 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun alluran rigakafi da aka gano a Nijar. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Amma ku lura da yadda muka san waɗannan labarai. Akwai sunan kamfani, akwai shekara, akwai takardu, akwai kotun da aka je. A Satumbar 2024 an janye maganin emasi mai suna Oxbryta daga kasuwannin duniya saboda bayanan da suka nuna haɗarinsa, bayan an riga an amince da shi. Can akwai wanda za a kama a tuhuma, akwai hanyar da kuskure ke fitowa fili. Mai saƙon murya fa? Ba ka san sunansa na gaskiya ba, ba ka san garinsu ba, in yaro ya rasu ya sauya lamba. Ina ganin matsalarmu ba yawan zargi ba ce, inda muke ajiye shi ne. Muna tsare likitan da ke zaune a gabanmu da tambayoyi, wanda daidai ne, sannan mu buɗe wa muryar da ba ta da fuska ƙofa ba tare da tambaya ko ɗaya ba. Tambayoyin da ka yi wa likita, yi wa mai saƙon irinsu, ka ga ko zai tsaya.

Allurar rigakafi tana sauya halittar mutum ko ta hana haihuwa?

Ba ta yi. Gadon mutum yana kulle a tsakiyar ƙwayar jiki, saƙon da allurar korona ta mRNA ke kaiwa ba ya shiga can, kuma jiki yana narkar da shi cikin ƴan kwanaki. Yaran da aka yi wa rigakafin sanƙarau na MenAfriVac a Nijar tun 2010 da yawansu yau iyaye ne. Ga mai emasi kuwa rigakafi ya fi zama dole, domin saifarsa tana lalacewa tun yana ƙarami, ƙwayar cutar da wani yaro zai shanye, shi tana iya kayar da shi cikin yini guda.

Na yi gwaji a wuri biyu, sakamako ya bambanta. Wanne zan ɗauka?

Fara duba sunan gwajin a jikin takardar. Gwajin Emmel, wanda ya fi araha kuma ya fi samuwa a ƙananan asibitoci, abu ɗaya yake faɗa: akwai S ko babu. Ba ya raba AS da SS, kuma ba ya ganin nau'in C sam. C kuwa yana nan a yankinmu, ya fi yawa wajen Burkina Faso da arewacin Gana, kuma idan ya haɗu da S ya ba da SC, wadda ita ma emasi ce, tana taɓa ido da ƙashin ƙugu. Mutum zai iya riƙe takardar Emmel mai cewa babu komai alhali shi AC ne. Gwajin da ake so kafin aure shi ne elektroforez na hemoglobin, wato sinadarin nan mai ɗaukar iska a jini, shi ne ke rubuta harufa biyu: AA, AS, AC, SS, SC. In an yi maka ƙarin jini, jira wata uku. In sakamako biyu suka saɓa, a yi na uku a babban asibiti, kada a zaɓi wanda ya fi daɗin ji.

Wani ruɗanin da ya zama ruwan dare: saurayi ya ce ai shi ya san jininsa, O ne. Wannan rukunin jini ne, na ƙarin jini, ba shi da alaƙa da emasi. Alamar ƙari ko ragi da ke gefensa ita ma tana da nata amfani, musamman ga mai juna biyu mai alamar ragi, wadda akan yi wa allura cikin awa 72 bayan haihuwa don kare cikin gaba. Amma mai O yana iya zama AS.

Mu biyun AS ne. An ce ɗa na huɗu ne kawai ke fitowa da cutar, in mun tsaya a uku shi ke nan?

Wannan magana ta jefa gidaje da yawa cikin wahala. Lissafin 1 cikin 4 gaskiya ne, amma a kowane ciki ake sake shi daga farko. Ka sa tsakuwa huɗu a ƙwarya, ɗaya baƙa, ka rufe ido ka ɗauka, sannan ka mayar da ita ka girgiza kafin ɗauka ta gaba. Baƙar tana iya zuwa a karon farko, tana iya zuwa sau uku a jere, tana iya ƙin zuwa. A kowane ciki: 1 cikin 4 SS, 2 cikin 4 AS, 1 cikin 4 AA.

Ko a fasa auren? Ba wani shafi a intanet da ya isa ya yanke muku wannan. Abin da zan ce shi ne a yi gwajin tun kafin a kai goro, tun kafin zukata da iyaye su yi nisa. Gwajin da aka yi saura mako guda a ɗaura aure, an riga an ɗinka anko, shi ke sa wasu neman takardar bogi, kuma wanda ya sayi takardar bogi ɗansa ne zai biya. A jihar Kano an sa hannu kan dokar tilasta gwaji kafin aure a 2024. Mu ba sai mun jira doka ba. Kuma AS ko SS ba tabo ba ne: wanda ya auri AA, ƴaƴansu ba za su zama SS ba.

Shafukan Turai suna cewa auren zumunci ne ke kawo nakasa. Kakanninmu a Adar haka suka yi aure, ga mu lafiya.

Su sun zuzuta, mu kuma mun yi sakaci. Auren zumunci ba ya ƙirƙirar cuta, yana ƙara yiwuwar miji da mata su kasance sun gaji ɓoyayyen abu guda daga kaka guda. A tsakanin bare, jarirai 2 zuwa 3 cikin 100 ke zuwa da wata matsala ta haihuwa. Tsakanin ɗan wa da ƴar ƙane adadin yakan kusan ninkawa. Ka ga mafi yawa lafiya suke fitowa. Inda ya kamata a tsaya a yi shawara da likita shi ne gidan da aka riga aka ga abu yana maimaituwa: emasi, kurumta tun haihuwa, ko jarirai suna rasuwa da alamu iri ɗaya. Kuma auren bare ba kariya ba ne daga emasi, domin masu S sun yi yawa a cikinmu.

Ƙanwata ta haifi zabiya, dangin miji sun ce a binciki uwar. Wata kuma ana mata gorin haihuwar mata zalla.

Zabiya sai uba da uwa sun haɗa hannu, kowanne ya ba da nasa ɓoyayyen rabo, kamar dai emasi. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya isa hujja: mutumin da ya zo yana shakkar ɗansa saboda launinsa, Annabi (SAW) ya tambaye shi launin raƙumansa, ya nuna masa yadda wata jijiya ta kakanni kan fizgo. Abin da jaririn ke buƙata shi ne hula mai faɗi, riga mai dogon hannu, inuwa da tsakar rana, da likitan ido, domin ranar Yamai tana jawo wa zabiya ciwon dajin fata.

Namiji ko mace kuwa daga maniyyin uba yake. Uwa X kawai take bayarwa, uba ne ke ba da X ko Y. A daina zaluntar mata a kan wannan.

Gwajin ADN, wato sinadarin gado, da ake saye a intanet, a tofa yawu a aika waje, yana da amfani?

Ga lafiyarka, kaɗan ne. Yawancin binciken da aka gina waɗannan hasashe a kai an yi shi ne a kan masu asalin Turai, ƴan Afirka kaso ne ƙanƙani, don haka hasashen ya fi rauni a kanmu. Sannan yawunka sirrin danginka ne gaba ɗaya. A 2023 an sace bayanan mutane kusan miliyan 7 daga kamfanin 23andMe, a Maris 2025 kuma kamfanin ya shiga kotu kan karayar arziki. Lambar sirri ana sauya ta, ADN ba ya sauyuwa.

Masu tallar gwajin tabbatar da uba suna cin kasuwa ne da zargi. A shari'a ɗa na mai shimfiɗa ne, kuma maganar nasaba ta alƙali da malamai ce. Kada kuma wani ya ɗauki takardar emasi ya mayar da ita gwajin uba. Kuskuren Emmel ko ƙarin jini kaɗai ya isa ya raba aure a banza.

Laifi ne in ɗauki hoton sakamakona in tura zaure a fassara mini?

A jikin takardar akwai sunanka, shekarunka da asibitin. Hoton da ya shiga zauren mutum ɗari ba ya dawowa, kuma wata rana yana iya isa gidan da ɗiyarka za ta yi aure. Nijar ta kafa dokar kare bayanan sirri tun 2017 tare da hukumar HAPDP mai kula da ita, amma doka ba za ta tsare abin da ka raba da hannunka ba. Manhajojin da ake yi wa tambaya su amsa suna iya bayyana maka ma'anar kalma, sai dai su ma suna kuskure cikin murya mai daɗi, kuma ba su ga yaronka ba.

Ta yaya zan gane saƙon da bai kamata in tura gaba ba?

Saurari abin da yake so ka yi a ƙarshe. In lambar waya ce da farashi, talla ce ko da ta fara da bisimilla. Magani ɗaya da ke warkar da emasi, ciwon suga, basur da rashin haihuwa ba ya warkar da ko ɗaya. Mai cewa likitoci suna ɓoye maka, ko ka tura wa mutum goma kafin a goge, gaggawa yake so ya sa ka don kada ka yi tambaya. Farar riga a TikTok kuwa a kasuwa ake sayar da ita. Likitan gaskiya yana faɗin cikakken sunansa da inda yake aiki, yana faɗin illar magani tare da amfaninsa, kuma ba ya rubuta magani ga wanda bai gani ba.

An tabbatar ɗana SS ne. Wasu sun ce ba sa kai shekara 20. Me zan yi?

Hajiya, masu emasi suna girma, suna karatu, suna aure, suna haihuwa. Abin da ke kashe yara da wuri shi ne rashin ganowa da rashin kulawa. Alamu sukan fara ne wajen wata 5 zuwa 6, sau da yawa da kumburin hannu da ƙafa. A Yamai akwai Cibiyar Ƙasa ta Kula da Masu Emasi, CNRD. A Tawa a fara da babban asibitin jiha ko cibiyar uwa da yaro, a buɗe masa kati, a riƙa zuwa ko lafiyarsa lau.

Likita zai duba batun penisilin na kullum ga ƙananan yara, folik asid, cikakken rigakafi, da maganin hidroksiyuriya, wanda binciken REACH da aka yi a Angola, Kwango, Kenya da Uganda, aka wallafa a 2019, ya nuna yana rage tashin ciwo, ƙarin jini da mace-mace. Ana shan sa ne tare da gwajin jini a kai a kai, ba a saye a teburin bakin titi. A gida: ruwa mai yawa, musamman a zafin Afrilu da Mayu, rigar sanyi da ruwan ɗumi a hunturu, gidan sauro kowane dare. Kada a ba shi maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe sai likita ya ce, kuma a nisanta shi da tiramadol na kasuwa.

Idan zazzaɓi ya kai 38.5, ko numfashi ya yi wuya, ko ciki ya kumbura ta hagu, ko tafin hannu da leɓe suka yi fari fat, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, a ɗauke shi zuwa asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne, a tafi da katinsa. Ƴan'uwansa ma a kai su a yi musu elektroforez.